Motar da Ta Tuƙa Teba a Hanyar Wara

Shekara tara na yi ina fataucin kifin banda kafin in mallaki abin hawa na kaina. A lokacin Yawuri tana ƙarƙashin Sakkwato, ko takardar mota kake so sai ka yi guzuri. Ina bin bakin babban tafkin kogin Kwara tun daga Wara har gefen Shanga, ina sayen tarwaɗa da giwan ruwa a hannun masu banda, in tara a wani shago da na kama haya a Yelwa. In shago ya cika sai in nemi babbar mota ta kai mini Gusau. Direbobin sun san kifi ba ya jira, don haka su ke yanka kuɗi, ni nawa in ce to. Ranar da wani ya sauke mini kwanduna a bakin hanya saboda ya sami lodin albasa mai tsoka, ranar na ƙudura sai na sayi akori-kura, ko da ta girme ni.

Akwai wani dillalin tsofaffin motoci a bakin hanyar Kwantagora, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Ofishinsa benci ne da tabarma da buta. Mota huɗu yake jerawa, kullum a wanke, an goge tayoyin da baƙin mai har suna ƙyalli. Mutum ne mai jiki, ba ya rabo da farar shadda da dogon carbi. Duk motar da ka ɗora wa hannu, ta wani likita ce da ya koma ƙasarsu. In da maganarsa gaskiya ce, likitocin da suka bar Yawuri sun fi majinyatanta yawa.

Wadda ya nuna mini shuɗiya ce. Wannan, in ji shi, ta wani Bature ce mai auna ruwan tafki, ba ta taɓa ɗaukar abin da ya wuce kujerarsa da butar shayinsa ba.

Ni kifi na sani. In na ɗaga tarwaɗa na shinshina, zan gaya maka kwananta nawa da sauka daga wuta. Mota kuwa, na zagaya ta sau uku, na daki taya da ƙafa yadda na ga ana yi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ban san abin da nake nema ba. Abu ɗaya na yi na masu hankali. Kafin in miƙa kuɗi na ja shi gaban sarkin tasha, na sa ya faɗa da bakinsa cewa duk abin da ya sami injin cikin wata guda, gyara a wuyansa.

"Wata guda?" ya ce, yana dariya har tumbinsa na rawa. "Alhajina, ka ce shekara mana!"

Na ce wata guda ya ishe ni.

Sarkin tashar nan tsoho ne, ɗan siriri, ba ya ɗaga murya. Asalinsa mutumin ruwa ne. Ya yi fito da jirgi a kan Kwara tun kafin a datse ta, sai da tafki ya cinye garinsu aka tashe su, sannan ya koma harkar mota. Ya saurare mu, ya gyaɗa kai, ya ce ya ji.

Kwana takwas ina yawo da ita cikin gari, ina danna ham ko babu kowa a gabana. Direbobin manyan motoci da na saba roƙo, na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi musu sallama da baki mai kaifi. Wannan kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ran na tara na taso daga Wara da lodi. Bazara ce, rana ta take. Ban yi rabin hanya ba sai na ga tururi yana fitowa ta gefen murfin inji. Na kashe ta, na sauka. Abin da ya fara dukan hancina ba ƙaurin ƙarfe ba ne, ba na roba ba. Ƙamshin abinci ne. Na tsaya a tsakiyar daji ina waige-waige ko akwai mai girki a kusa. Tarakta ce ta jawo ni zuwa Yelwa da la'asar, mutanen tasha suna kallo.

Bakaniken da ke bayan tasha mutum ne marar yawan magana. Ya kwance murfin lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, ya zura tsinke ya zaro. Wani abu fari mai yauƙi ya biyo tsinken. Ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Maigida," ya ce, "miya ce kawai babu."

"Mi ke nan?"

"Teba. Garin rogo anka zuba mata."

Ya yi mini bayani. Lagireton duk ya ruɓe, yoyo yake kamar rariya. In aka zuba garin rogo a ciki, sai ya kumbura ya toshe ramukan. Cikin gari za ta yi ta yawo lafiya lau. Amma in ta hau doguwar hanya da kaya, garin ya dahu, sai ya toshe har hanyar da ruwa ke bi, inji ya ɗau zafi. Nawa ya ɗauka har kansa ya lanƙwashe. Sai an sayi wani lagireto, an sake gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa, an kai kan injin Kwantagora an goge. Da ya faɗi kuɗin, sai da na nemi wuri na zauna. Ya kusa sulusin abin da na sayi motar.

Ba ni da su. Abin da bai shiga motar ba, kifi ya shiga. Shagona cike yake da bandar kakar nan gaba ɗaya, jarina ke nan na shekara tara, a jibge cikin kwanduna. Ga zafi. Wanda ya san banda ya san ƙwaro ba ya jiran shari'a. Tun a makon na fara ganin ɗan gari-gari a ƙarƙashin kwandunan da ke ƙasa. Na je wurin direbobin manyan motoci da hula a hannu. Suka tuna mini da sallamar da na yi musu, suka ninka kuɗi, suka ce kuma a biya kafin a ɗora kwando ɗaya.

Na sami dillalin a kan bencinsa yana jan carbi.

"Inna lillahi!" ya ce, tun ban gama ba. "Motar Bature? Mi ka ɗora mata?"

"Kifi."

"To ka gani! Mota ba ta saba da ƙarni ba. Kwando nawa?"

Na faɗa masa. Ya riƙe baki. Ya ce na yi mata lodin jaki. Na ce akori-kura ce, ba keken ɗinki ba. Ya ce rana ce ta yi yawa bana, ko mutum ya yi zazzaɓi balle ƙarfe. Na ce ban taɓa jin zazzaɓin da ke tuƙa teba ba. Ya ce to wa ya sani, ko maƙiyana ne suka zuba, tunda mai arziki ba ya rasa mahassada. Daga nan ya koma kan ƙaddara, ya jawo mini wa'azi mai tsawo a kan haƙuri. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce mu je wurin sarkin tasha.

Nan take ya sauya murya.

"Haba ɗan'uwa, mi ya yi zafi? Wancan bakaniken ɓarawo ne, kowa ya sani. Ba ni ita kwana biyu. Ina da mutumina, ruwa kawai zai sake mata."

Na ba shi, don kada a ce ban ba shi dama ba. Kwana biyun suka zama shida. Kullum in je sai a ce gobe. Ina ƙirga kwanakin, shi ma yana ƙirgawa, domin watan da ya yi alkawari yana ta guduwa. Ran na shida aka kawo ta a wanke tas. An liƙa furen roba a gaban gilashi, an kuma rubuta mini a bayanta da jan fenti cewa haƙuri maganin zaman duniya. Wannan bai caje ni ba, in ji shi, kyauta ce.

Na wuce da ita wurin bakanikena. Ya zura tsinke, ya shinshina.

"An ɗaure kusoshi, an zuba mai mai kauri," ya ce. "Garin kuma wanga karon mai laushi ya saya. Ya yi ƙoƙari."

Zuwa kotun alƙali zai ci makonni, kifina kuwa ba shi da makonni. Washegari da hantsi muka zauna gaban sarkin tasha, a rumfar da ake yankar tikiti. Direbobi da 'yan kamasho suka kewaye mu, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba.

Dillalin ya fara. Ya ce ya cika alkawari, mota ta lalace ya gyara, ga ta can tsaye tana ƙyalli, duk mai ido ya duba. Sauran magana sharrin bakanike ne mai neman na cefane. Sannan ya juyo kaina.

"Shi da ke ƙarata, ranka ya daɗe, a tambaye shi. In ya shirya kwando, waɗanne kifaye yake ɗorawa a sama? Manya ko ƙanana?"

Aka yi dariya. Na ce manya, kamar kowa. Amma kwandona ba a kulle yake ba. Mai saye yana zura hannu har gindi, ina tsaye a wurin, in ya ga abin da bai yi masa ba ya rage kuɗi ko ya wuce. Shi kuwa nasa gindin kwandon sai da sifana ake buɗewa, kuma a tsakiyar daji.

Tsohon ya bar hayaniya ta lafa. Ya dubi dillalin.

"Ka ce ta gyaru?"

"Lahiya lau, Baba. Har Makka ta kai mutum."

"Wara ta ishe mu." Ya gyara zama. "Ni ban san inji ba, ruwa na sani. A wurinmu in mutum ya sayar maka da jirgi ya ce ba ya yoyo, ba a gardama da shi. Shiga yake yi tare da kai, a ɗora kaya, a haye. In jirgi ya kai gaci a bushe, ka ba shi haƙuri gaban jama'a. In ya fara shan ruwa, wanda ya sayar shi ke riƙe ƙwarya yana kwarfewa har a fita. Gobe in Allah ya kai mu za mu Wara, mu uku. In ta kai, magana ta mutu, Alhajin kifi ya ji da motarsa."

Dillalin ya ce gobe yana da ɗaurin aure. Tsohon ya ce a aika da goro. Dillalin ya ce bayansa na ciwo, ba ya jure hanyar burji. Tsohon ya ce motar Bature ce, kujerarta da laushi.

Ban yarda in sa kifina a wannan gwaji ba. Buhunan gishiri na ɗora, waɗanda dama zan kai wa masu banda, nauyinsu daidai da lodin ran nan. Bakanikena ya ja ni gefe ya ce da na ga allurar zafi ta taɓa ja in kashe ta, kada in ƙarasa injin don neman gaskiya.

Muka tashi da hantsi. Ni a sitiyari, tsohon a bakin ƙofa, dillalin a tsakiya, gwiwoyinsa sun sa sandar giya a tsakani, daidai inda zafin inji ke busowa. Ya zo da sabuwar shadda fara sol da takalmi sau-ciki, wai don a san bai ɗauki tafiyar da wata tsiya ba.

Muna fita gari ya ce in tsaya zai kama ruwa. Na tsaya. Ya shiga bayan wata sabara ya daɗe, kamar mai haƙa rijiya. Muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba ya ce a ƙauyen nan na gaba akwai surukinsa da ba shi da lafiya, bai kamata ya wuce bai gaishe shi ba. Na tsaya. Ya shiga ƙauyen, ya dawo bayan an ɗauki lokaci, wani mutum na biye da shi yana tambayarsa ko daga ina ya san shi. Sai a nan na gane. Duk tsayawar da muka yi, injin yana hucewa. Idonsa kuwa ba ya barin allurar nan, ya fi ni kallonta.

Karo na uku ya ce a tsaya a yi salla.

Tsohon ya leƙa ta taga ya dubi rana. "Wace?"

"Nafila ce, Baba. Na saba."

"Allah shi karɓa. Ka yi ta a zaune. Ba a sauka jirgi a tsakiyar ruwa." Ya ɗora gwiwar hannunsa a kan ƙofa. "Alhaji, taka mu tafi."

Na taka. Allura ta fara hawa a hankali. Gumi ya jiƙe wa dillalin wuyan riga. Ya ce in rage gudu saboda ramuka. Ya ce in kashe ta a gangara don tattalin mai. Ya zura hannu aljihu zai ciro hankici, sai wani ƙulli ya biyo hankicin ya faɗo a cinyar tsohon. Tsohon ya kwance. Garin rogo ne, mai laushi.

"Guzurin wa?" ya ce. "Naka ko nata?"

Daidai nan allura ta taɓa ja. Na kashe ta, muka gangara gefen hanya. Tururi ya turnuƙe, ƙamshin nan ya cika motar. Babu gida, babu inuwa sai wata ƙaya guda.

Tsohon ya sauka ya shimfiɗa ɗan buzunsa a gindin ƙayar. Ya sa na sauko da jarka daga baya, ya nuna wani layin itatuwa can nesa inda rafi yake.

"Jirgi ya sha ruwa," ya ce wa dillalin. "Wagga kuwa ruwan ne ya tsere mata. Duk ɗaya ne. Bisimilla."

"Ni, Baba?"

"Ni na sayar?"

Ya ɗauki jarka ya nufi rafi, shadda tana jan ƙasa. Muna zaune muna kallonsa har ya zama ɗan ɗigo fari. Da ya dawo, jarkar tana bisa kansa, don hannu ya gaza. Ruwa ya zubo masa ta fuska, laka ta kai masa gwiwa, takalmi ɗaya a hannu. Matan da ke wanki a rafin, in ji shi, ba su da tarbiyya. Muka jira ta huce, muka zuba, muka tashi. Ta ƙasa ruwan yake bin mu, yana zana layi a kan burji.

Ba mu yi mil uku ba allura ta koma inda ta fito. Wannan karon rafin ya fi nisa. Dillalin ya tafi, ya dawo da jarka a ka. Carbin ma ya shige aljihu.

A tsayawa ta uku babu rafi ko alamarsa. Wani makiyayi da ke wucewa da shanunsa ya ce akwai rijiya, amma sai an wuce wancan tudun. Dillalin ya dubi tudun, ya dubi jarka, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Baba, saura nawa mu kai Wara?"

"Ba mu yi rabi ba."

Dillalin ya share gumi da hannun riga. Can ya ce, cikin wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "Nawa bakaniken nan ya ce?"

"Ɓarawon?" na ce.

"Alhaji, don girman Allah."

A nan bakin hanya aka yanke magana. Lagireto da gaskit da gugar kan inji duk a wuyansa, kuma a yau zai kai kuɗin hannun sarkin tasha, ba gobe ba. In ya saɓa, babu ɗan kamashon da zai sake kai masa mai saye, motocinsa kuma ba za su ƙara shiga tasha ba. Ladan aikin bakanike kuwa tsohon ya ɗora mini. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Wanda ya sayi abin da bai sani ba, bai kuma nemi wanda ya sani ya duba masa ba, shi ma ya biya kuɗin makaranta."

Ban ja ba, don gaskiya ya faɗa.

Wata motar itace ce ta jawo mu gida. Gishirin na bari a hannun wani mai shayi a ƙauyen gaba. Dillalin ya roƙi a sauke shi kafin a shiga gari, tsohon ya ce tare aka tafi, tare za a dawo. Haka muka shiga tasha ana jan mu da igiya, shi a tsakiya, laka ta bushe a jikin shadda. Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi, saboda tsohon yana wurin. Kafin magariba ya kawo kuɗin a ƙunshe cikin takarda, yana miƙawa yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi dama ya yi niyyar taimaka mini don zumunci.

Gyara ya ci kwana biyar. Ranar da motar ta fito na buɗe shago na fara fito da kaya. Kwandunan sama da na tsakiya lafiya lau. Na ƙasa guda bakwai, in ka ɗaga kifi sai ya ruguje a hannunka, ƙwaro ya bar fata da ƙaya kawai. Na sayar wa mata masu tuwo a kuɗin da bai kai na kwandon ba. Sauran na yi sawu uku zuwa Gusau, allura ba ta motsa daga inda Allah ya ajiye ta ba. Riba ban ga ko ƙwandala ba a kakar nan, amma jarina ya dawo hannuna, da shi na shiga kaka ta gaba.

Ina dawowa daga sawu na uku aka ce dillalin ya aiko. Wai shaddarsa ta ƙi fita, mai wanki ya yi iya yinsa, kuma tunda a kan hidimata ta lalace, ya kamata in san abin da zan yi. Na tsaya a kasuwa na sayi sabulun wanki sanda guda, na sa aka yanka biyu, na aika masa da rabi.